Mishigan da Ohayo: hamayya, kyautar Heisman da lissafin faɗaɗa filin wasa

Tambaya: Me ya sa filayen wasan jami'o'in Amurka suka fi Wembley girma alhali ɗalibai ne ke bugawa? Da gaske ne wasan hamayya guda ɗaya yana iya sa a ba ɗan wasa kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara, ko a hana shi? Kuma ta yaya ake kashe ɗaruruwan miliyoyin daloli wajen faɗaɗa fili, sannan a ji adadin kujerunsa ya ragu?

Amsa: Malam, tambayoyinka uku a ɗaure suke da juna, kuma babu inda aka fi ganin haka kamar a hamayyar Jami'ar Mishigan da Jami'ar Jihar Ohayo, don haka da ita za a yi maka bayani. Wasan da muke magana a kai zari-ruga ne irin na Amurka, wanda ake bugawa da hular kwano da sulken kafaɗa.

Girman filayen ya samo asali ne daga ƙarancin wasa da yawan masu so. Gasar ƙwararru ta NFL ƙungiyoyi 32 ne kawai, kuma ba ta ɗaukar ɗan wasa sai ya yi shekara uku da gama sakandare. Wannan ya sa duk matashin da ke da hazaƙa sai ya bi ta jami'a. A matakin ƙoli akwai jami'o'i fiye da 130, kowacce tana buga wasa 12 a kaka, kuma manya irin Mishigan sukan buga kamar bakwai a gida. Ka kwatanta da ƙungiyar Firimiya da ke da wasa 19 a gida a gasar lig kaɗai. Wanda ya rasa Asabar ɗaya ya rasa kashi ɗaya cikin bakwai na shekarar. Ga kuma tsofaffin ɗalibai dubun dubata da ke komawa makarantarsu duk kaka tare da iyalansu. Abu na biyu shi ne yawancin wuraren zama benci ne dogo marar abin jingina, mutane kafaɗa da kafaɗa. Shi ya sa filin Mishigan ke ɗaukar mutum 107,601, na Ohayo 102,780, yayin da Wembley ke ɗaukar 90,000. Garin Ann Arbor, inda filin Mishigan yake, mazaunansa ba su fi 124,000 ba a ƙidayar 2020. A wannan filin ne Real Madrid da Manchester United suka yi wasan sada zumunta a watan Agustan 2014 gaban mutum 109,318.

Ita kuwa gabar ta girmi wasan kansa. A 1835 da 1836 jihar Ohayo da yankin Mishigan sun yi rikicin iyaka a kan wata siririyar ƙasa da garin Toledo ke ciki. Ohayo ta samu Toledo, aka ba Mishigan babban yankin ƙasar da ke arewacinta, ta zama jiha a 1837. Jami'o'in biyu sun fara haɗuwa a 1897, Mishigan ta ci 34 da nema. Daga 1918 suke karawa kowace shekara, ban da 2020 da annobar korona ta hana, kuma tun 1935 kusan kullum wasan ne na ƙarshe a jadawalinsu, a ƙarshen Nuwamba. Wannan matsayi na ƙarshe shi ne sirrin nauyin wasan. Shekaru da yawa wanda ya ci shi ne ke ɗaukar kofin Big Ten, rukunin jami'o'in da su biyun ke ciki, ya tafi babban wasan Rose Bowl na farkon Janairu a Kalifoniya, wanda aka ci kuma ya zauna a gida.

Lokacin da wutar ta fi ruruwa shi ne daga 1969 zuwa 1978, tsakanin koci Woody Hayes na Ohayo da Bo Schembechler na Mishigan, wanda ya taɓa yin wasa a ƙarƙashin Hayes, ya kuma yi masa mataimaki. A 1968 Ohayo ta lallasa Mishigan 50 da 14. Shekara na zagayowa, a kakarsa ta farko, Schembechler ya doke tsohon maigidansa 24 da 12, ya katse masa jerin nasara 22. A wasanni goma da suka yi, Schembechler ya ci biyar, Hayes huɗu, aka yi kunnen doki sau ɗaya, 10 da 10 a 1973. Idan kana son ka san yadda magoya baya ke auna koci, dubi John Cooper na Ohayo. Ya ci wasa 111 a shekara 13, amma a kan Mishigan sau biyu kawai ya yi nasara, aka ci shi sau goma, aka yi canjaras ɗaya, kuma an sallame shi bayan kakar 2000. Har yau da wannan lissafi ake tuna shi. Tun zamanin koci Francis Schmidt a 1934, duk ɗan wasan Ohayo da ya doke Mishigan ana ba shi ɗan ƙaramin wandon zinariya na ratayawa, kuma tsofaffin 'yan wasa da yawan waɗannan suke alfahari.

A takarda nauyin wasan ya ragu tun da aka mayar da gasar fitar da zakaran ƙasa ta ƙungiyoyi 12 a 2024. A wannan shekarar Mishigan ta je har Columbus, garin Jami'ar Ohayo, ta ci 13 da 10, nasararta ta huɗu a jere, amma Ohayo ta shiga gasar ta ɗauki kofin ƙasa a Janairun 2025. A da, da wuya hakan ya yiwu. A ganina an rasa wani abu mai daraja a nan, domin abin da ya sa wasan ya zama abin da yake shi ne babu damar gyara kuskure.

Yanzu kyautar Heisman. Wata ƙungiyar wasanni ta birnin New York ce ta fara ba da ita a 1935, Jay Berwanger na Jami'ar Chicago ya fara ci, aka sa mata sunan koci John Heisman bayan rasuwarsa a 1936. Masu zaɓe 'yan jarida 870 ne, an raba ƙasar shiyya shida, kowace shiyya ƙuri'a 145, sai duk tsofaffin da suka ci kyautar da ke raye, sai ƙuri'a ɗaya tak ta jama'a baki ɗaya. Kowane mai zaɓe yana rubuta suna uku: na farko maki 3, na biyu 2, na uku 1. Wannan tsari yana nufin wanda kowa ya sa a na biyu zai iya kayar da wanda rabi suka sa a na farko, rabi suka tsallake shi. A 2008 Tim Tebow na Florida ne ya fi samun ƙuri'un na farko, amma ya ƙare a na uku, Sam Bradford ya ɗauka. A 2009 Mark Ingram ya ci da ratar maki 28 kacal.

Abin da ya ba wasan hamayya ƙarfi a nan shi ne lokaci. Ana rufe karɓar ƙuri'a a farkon Disamba, kwanaki kaɗan bayan wasan Mishigan da Ohayo, kafin a buga wasannin fitar da zakaran ƙasa. Babu ɗan jaridar da zai iya kallon wasannin jami'a fiye da 130. Abin da kusan dukansu suke kallo shi ne 'yan manyan wasannin da ake nunawa a duk ƙasa, kuma wanda suka gani a ƙarshe shi ke zama musu a ido lokacin cike takarda.

Misalan a fili suke. A 1940 Tom Harmon ya jagoranci Mishigan ta ci 40 da nema a gidan Ohayo, har 'yan kallon Ohayo suka miƙe suka tafa masa, ya ci kyautar. A 1991 Desmond Howard na Mishigan ya cafe ƙwallon da aka doko sama ya ruga da ita yadi 93 ya ci, yana isa ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya miƙe hannu kamar mutum-mutumin da ke kan kofin, kuma shi aka ba. Wanda ya fi duka nuna tasirin wasan shi ne Charles Woodson na Mishigan a 1997. Mai tsaron baya ne, kuma kafin shi ba a taɓa ba wanda asalin aikinsa tsaro ne ba. Kusan duk kakar ana ganin Peyton Manning na Tennessee ne zai ci. A wasan Ohayo, Woodson ya cafe doguwar jifa da ta share hanyar cin farko, ya ruga da ƙwallon da aka doko ya ci da kansa, sannan ya tare jifar Ohayo a cikin gidan cin Mishigan. Aka tashi 20 da 14, kuma kofin ya tafi Ann Arbor. A 2006, da ƙungiyoyin suka haɗu a matsayin ta ɗaya da ta biyu a ƙasa, kwana guda bayan rasuwar Schembechler, Troy Smith ya kai Ohayo ga nasara 42 da 39, ya ci kyautar da rata mai yawa. A ɗaya gefen, C.J. Stroud na Ohayo ya shiga wasan 2021 da na 2022 yana sahun gaban 'yan takara, Mishigan ta doke su duka biyun, bai samu ba.

Amma kada a ɗauka doka ce. A 1995 Mishigan ta ci Ohayo 31 da 23, Tim Biakabutuka, haifaffen Kinshasa, ya ruga yadi 313 shi kaɗai, kuma duk da haka Eddie George na Ohayo ne ya ci Heisman, domin aikin da ya tara tun farkon kaka, har da yadi 314 a kan Illinois makonni biyu kafin nan, ya yi yawan da wasa ɗaya ba zai goge shi ba. Wasan hamayya yana raba gardama ne idan 'yan takara sun yi kusa. Jimilla Ohayo tana da kofin sau bakwai, biyu daga ciki na Archie Griffin ne, 1974 da 1975, mutum ɗaya tilo da ya ci sau biyu. Mishigan tana da uku.

Babban aibin kyautar shi ne ta karkata ga masu jefa ƙwallo. Daga 2000 zuwa 2024, cikin mutum 25 da aka ba, 20 masu jefawa ne, domin aikinsu ne ke fitowa a lambobi. Ƙartin da ke sahun gaba suna tare hanya ba su da lambar da za a nuna a talabijin. Orlando Pace na Ohayo, wanda da wuya a samu irinsa a wannan aiki, na huɗu ya zo a 1996. Don haka wanda ke son sanin gwanin gaske a kowane gurbi ya dubi ƙananan kyaututtukan: Outland ta ƙartin tsakiyar sahu, Butkus ta masu tsaron tsakiya, Jim Thorpe ta masu tsaron can baya, Biletnikoff ta masu cafe jifa, Lou Groza ta masu bugun ƙafa. A 2022 Olusegun Oluwatimi na Mishigan, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, ya haɗa Outland da Rimington, kyautar ƙaton da ke miƙa wa mai jefawa ƙwallo daga tsakiyar sahu, a kaka ɗaya, kuma sunansa bai kusanci jerin 'yan takarar Heisman ba.

Sai maganar fili, wadda ta fi buƙatar a bi ta a tsanake. Hamayyar nan ce ta gina filayen biyu. Ohayo ta buɗe nata a 1922 a gaɓar kogin Olentangy, mai siffar takalmin doki, da kujera 66,210, kuma a wasan bikin buɗewa Mishigan ta zo ta ci 19 da nema. Fielding Yost, shugaban wasannin Mishigan, ya mayar da martani a 1927 da fili mai ɗaukar 72,000, aka ƙara bencin katako a sama ya haura 80,000, aka kuma yi bikin buɗewa da cin Ohayo 21 da nema. Hikimar Yost ita ce ya sa aka zuba harsashi mai ƙarfin ɗaukar ginin da ya wuce mutum 100,000 tun daga farko. Saboda haka ƙarin 1949 zuwa 97,239 da na 1956 zuwa 101,001 ba su buƙaci rusa komai ba. Da Tennessee ta kai filinta 102,544 a 1996 ta wuce Mishigan da kujera 43, Mishigan ta ƙara layuka a 1998 ta kai 107,501.

Hanyoyin ƙara wurin zama uku ne. Ko a haƙa ƙasa a sauke filin a ƙara layuka a gaba, ko a ɗora a sama da baya, ko a rufe ɓangaren da aka bari a buɗe a bayan raga. Kowacce da matsalarta.

Haƙa ƙasa yana ba da kujeru mafi tsada, domin su ne kusa da wasa, amma ruwa ne abokin gabarsa. A gyaran da Ohayo ta kammala a 2001, wanda ya ci dala miliyan 194, an cire hanyar tsere da ta kewaye filin, aka sauke ƙasa ƙafa 14 da rabi, wato wajen mita 4.4. Wannan ya kai filin ƙasa da matakin ruwan ƙarƙashin ƙasa, ga kogi a gefe, don haka sai da aka fara gina katangar kankare a cikin ƙasa ta zagaye wurin ta tare ruwa kafin a haƙa. Mishigan ma a kan ƙasa mai ruwa aka gina ta, kuma yawancin ginin a cikin rami yake, mai zuwa daga titi gangarawa yake yi zuwa kujerarsa. A 1991 an ƙara sauke filin ƙafa 3 da rabi don a dasa ciyawar gaske. Ciyawar ba ta kama da kyau ba saboda kusancin ruwa, tana ɓallewa ƙarƙashin takalman 'yan wasa, a 2003 aka koma ta roba.

Ɗorawa a sama kuma lissafin gani ne. Injiniya yana auna tazarar da idon mai zaune zai wuce saman idon na gabansa ya sauka a kan layin fili mafi kusa. Ana neman wajen milimita 90, idan da hali 120, ƙasa da 60 kuwa mutum ƙeyar na gabansa zai kalla. Duk layin da ya ƙara nisa dole matakalarsa ta fi ta layin da ke gabansa tsayi kafin a riƙe wannan tazara, har a kai inda gangaren zai zama haɗari. Idan bene ne aka ɗora, ginshiƙansa da rufinsa suna tare wa na ƙasa gani, kamar yadda wasu kujerun tsohon benen Ohayo suke a bayan ginshiƙai. Kuma duk mutum dubu da aka ƙara yana buƙatar faɗin matakala, ƙofofin fita, banɗaki da wurin sayar da abinci. A tsofaffin filaye sau da yawa wannan ne ke cinye kuɗin, ba kujerun ba.

Akwai kuma doka. Tun 1990 Amurka tana da dokar kare haƙƙin masu buƙata ta musamman, kuma da zarar an yi wa tsohon gini babban sauyi sai ya bi ƙa'idar sabon gini. A 2007 wata ƙungiyar tsofaffin sojoji masu shanyewar jiki ta kai Jami'ar Mishigan kotu. Jami'ar ta ce gyara take yi, su kuma suka ce sauyi ne, don haka a ba su kashi ɗaya cikin ɗari na wuraren zama, wato sama da 1,000. A 2008 aka sasanta a kan aƙalla wuri 329 na keken guragu, a warwatse a sassan filin. Wurin keke ɗaya yana cin layuka biyu ko uku na benci, domin sai an yi masa dandamali a kwance, an kuma ɗaga shi yadda mai zaune zai gani ko da na gabansa sun miƙe. Adadin filin ya sauka zuwa 106,201 a lokacin, har filin Penn State ya wuce shi na ɗan lokaci. Masu ƙarar suna da gaskiya, kuma da an sa wannan a zanen farko da an huta da shari'a.

Daga nan za ka gane dalilin raguwar adadi. Na farko faɗin zama ne. Benci mai tsawon inci 360, idan aka raba shi inci 16 kowane mutum zai ɗauki 22, idan aka mayar inci 18 zai ɗauki 20. Fentin lambobi kawai aka sake, an rasa mutum biyu a kowane layi. Na biyu, wanda shi ne babba, kuɗi ne. Aikin Mishigan na 2007 zuwa 2010 ya ci dala miliyan 226, kuma abin da aka gina shi ne dogayen gine-gine biyu a gabas da yamma masu ɗakunan alfarma 83 da kujerun manyan baƙi wajen 3,200. Adadin ya kai 109,901, ƙarin mutum 2,400 kacal a kan na 1998, sannan a 2015 ya sauka zuwa 107,601. Ohayo ta kai 104,944 a 2014, daga baya ta cire kujerun da ba a gani sosai ta sa ɗakuna, ta koma 102,780.

Ga lissafin da ake yi, da lambobin misali. Kujerar benci a dala 100, wasa bakwai, dala 700 ke nan a shekara. Ɗaki mai mutum 16 da kamfani ya kama a dala 70,000 yana kawo dala 4,375 a kan kowane mutum, fiye da ninki shida, kuma da kwantiragin shekaru ake ba da shi, wanda shi ne abin da masu ba da bashi ke son gani. Ana gina irin waɗannan ayyuka ne da takardun lamuni da gudummawar masu hannu da shuni, a biya a shekaru masu yawa daga kuɗin ɗakunan. Haɗarin shi ne idan ƙungiya ta yi shekaru tana shan kashi, kamfanoni su ƙi sabunta kwantiragi, bashin kuwa bai san wannan ba. Matsin ya ƙaru tun da aka ba 'yan wasa damar samun kuɗi da sunansu a Yulin 2021, sannan sasancin kotu na 2025 ya ba kowace jami'a damar biyan 'yan wasanta kai tsaye har wajen dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Gine-ginen Mishigan sun kawo wata riba da ba ta kuɗi ba: a da faɗin kwanon filin yana sa ihun 'yan kallo ya tashi sama ya ɓace, yanzu bangon yana mayar da shi cikin fili, kuma hayaniya tana hana baƙi jin umarnin mai jefa ƙwallonsu.

Matsala ta ƙarshe ita ce lokacin aiki. Babu jami'ar da za ta yarda ta rasa kuɗin kaka guda, don haka ana rushewa da zuba kankare ne daga Disamba zuwa Agusta, cikin sanyi da ƙanƙarar arewacin Amurka, a share wuri a buɗe wa 'yan kallo a Satumba, a sake komawa bayan kaka. Shi ya sa aikin Mishigan ya ɗauki shekara uku ba tare da an ɗage wasa ko ɗaya daga filin ba. Penn State ta amince a 2024 da gyaran da zai kai dala miliyan 700 a kan wannan tsari na kaka bayan kaka. Jami'ar Northwestern, wadda ita ma a Big Ten take, ta zaɓi ɗaya hanyar: ta rushe filinta mai ɗaukar kimanin 47,000, ta koma buga wasa a filin wucin gadi, domin ta gina sabo mai ɗaukar 35,000 a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 800.